Gailanu da Karagar Aro

Masu adana tarihin sarakuna sun ruwaito cewa ranar da Sarki Munziru na Birnin Ramlatu ya yi wafati, da rana tsaka, a kan idon fadawa, karagar mulki ta tashi sama ta ɓace. Babu wanda ya yi mamaki, domin tun zamanin kakan farko karagar ta aro ce daga hannun Sarauniya Durratu, mai mulkin aljanun Dutsen Zabarjadi. Duk sarkin da ya mutu sai ta janye kayanta, mai neman gado ya je da ƙafarsa ya roƙo.

Mutum biyu suka fito nema: Gailanu ɗan marigayi, saurayi mai ƙarancin magana, da baffansa Nu'umanu, wanda ya yi furfura yana jan rundunar birnin.

Gailanu ya ɗaura takobi, ya hau doki ya shiga Hamadar Sarabu, inda rairayi ke tafasa kamar ruwa a tukunya, rijiyoyi kuma na gudu idan matafiyi ya kusanto su. Dokinsa ya faɗi matacce, ya ci gaba a ƙasa, har ya isa birnin matsafa mai ganuwar tagulla, inda kuraye ke tsaron ƙofa, itatuwa na gaisuwa da muryar mutane. Shugaban matsafan, Boka Hamrazu, ya tare shi ya ce, "Ya kai ɗan Munziru, zan ɗora ka kan tsuntsu ya kai ka dutsen kafin azahar, bisa sharaɗin mu za mu zaɓi wanda zai gaje ka. Baffanka ya amince, ya wuce."

Gailanu ya ce, "Abin da ban mallaka ba tukuna, ba zan bayar ba." Matsafan suka yi masa ca da macizai da guguwar wuta, ya yi ta sara har ya fasa ƙofar gabas ya fita, jikinsa duk ƙuna.

Da ya kai fadar Durratu, mai ginshiƙan yaƙutu da rufin lu'ulu'u, sai ya tarar da baffansa tsaye gaban karagar. Nu'umanu ya dube shi ya ce, "Ɗana, na riƙe wa mahaifinka takobi tun kana goye. Juya gida, na ba ka sarautar Ciroma."

Gailanu ya durƙusa ya ce, "Baffa, da da ƙafarka ka zo, wallahi da na bar maka. Amma ka jinginar da gidanmu ga matsafa."

Sarauniya ta ce takobi ya raba su. Suka gwabza har duwatsun dandalin suka tsattsage, aljanu suka ja da baya, daga bisani Gailanu ya sari hannun daman baffansa, takobin ya faɗi. Aljanu suna jiran ya ƙarasa shi. Shi kuwa sai ya yage gefen rigarsa ya ɗaure masa raunin.

Durratu ta ce, "A wannan dandali kakanka ya yanka wansa, mahaifinka ya yanka ɗan baffansa, na miƙa musu karaga ban ce uffan ba. Kai me ya hana ka?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, sarauta na zo nema, ba jinin gidanmu ba."

Sai Durratu ta warware alkawarin matsafa, tunda wanda ya ɗauke shi bai sami mulki ba, ta ba Gailanu karagar, ta aura masa 'yarta Gimbiya Rumaisa'u, wadda ta kalli gwabzawar daga bene ta kuma faɗa wa mahaifiyarta zaɓinta da bakinta. Aljanu suka ɗauko su da karagar zuwa Ramlatu.

Ranar naɗi, bisa al'ada babban namiji a gidan sarauta ke naɗa rawani. Aka buga tambura, Nu'umanu ya fito gaban jama'a, ya naɗa wa ɗan wansa rawani da hannun hagu. Naɗin ya karkace, Gailanu bai bari kowa ya gyara ba.