Muzuru Mai Banda Ba Wuta

An yi wani Muzuru a unguwar Bakin Fadama, wanda idan ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa hayaƙi tashi sama. Sana'arsa bandar nama, amma ba irin bandar da kuka sani ba.

"Ni ba na hura wuta," in ji shi, yana murza gashin baki a ƙofar gida. "Wuta ai ta 'yan koyo ce. Kakana ya taɓa yin bandar giwa sukutum, har da haurenta, bai ƙona ko kara ɗaya ba. Shi ya bar mini sirrin. In shiga ɗaki, in ja ƙofa, in gaya wa nama abin da zan gaya masa, shi ke nan ya shiga taitayinsa."

Ɗakin da yake nufi wani ɗan ƙarami ne na laka a bayan gidansa, jingine da katanga, kullum a rufe. Kuma maganar gaskiya, naman da ke fitowa daga ciki ba shi da makusa. Ya yi ja, ya bushe, ya sha hayaƙi, sai ya shekara a rataye bai canja ba. Saboda haka ba mai yi masa musu. Kowa ya kawo nama, Muzuru zai fara yanke tsokar da ta fi kyau ya ce ladan kakansa ne, sannan ya shiga da sauran.

A unguwar akwai wata Bushiya. Ba ta da faɗa, ba ta da gulma, cutarta ɗaya ce: in ta ga abu ba ta gane kansa ba, sai ya yi ta yi mata ƙaiƙayi a hanci har sai ta tambaya.

Wata rana ta tsaya a ƙofar Muzuru tana shinshina.

"Malam Muzuru, don Allah in yi tambaya?"

"Yaushe kika taɓa neman izini? Yi."

"In ba wuta, daga ina hayaƙin ke zuwa?"

"Daga sirri."

"Sirrin yana da toka? Don ban taɓa ganin ka zubar da toka ba."

"Ke dai kin cika neman magana. Wa ya ce miki sirri na da toka?"

"To me ya sa namanka ke ɗan ƙamshin kifi? Wancan na ragon da ka yi wa Tunku, na ɗanɗana, can ƙasan harshe sai na ji kamar tarwaɗa."

Muzuru ya ɗan yi tari. "Kakana mutumin bakin tafki ne. Sirrin ya taho da ɗan iskar garinsu. Ke kuma ki taho da ƙafafunki ki bar mini ƙofa."

Bushiya ta tafi, amma hancin bai daina ƙaiƙayi ba.

Gidan da ke bayan katangar Muzuru na Gwaggo Balbela ne, mai bandar kifi. Tsohuwa ce mai tsabta, fara fat, ba ta son yawan magana. Ita kam da wuta take aikinta. Tana da babban murhun banda na laka a jikin wannan katanga. Sai ta hura itacen kirya ya zama garwashi, ta watsa masa jiƙaƙƙen ɓuntun shinkafa don harshen wuta ya kwanta hayaƙi ya tashi, ta jera kifi a kan raga, ta rufe da tsohuwar tabarma.

Bushiya ƙawarta ce, takan je taya ta juya kifi.

"Murhun nan ya tsufa," in ji Balbela rannan. "Da can da ɗaurin itace ɗaya nake gamawa. Yanzu sai ya cinye ninkin haka, kifin kuma yana nan da ɗanyensa. Kamar wani ke shanye mini zafin."

"Wa zai sha zafi, Gwaggo?"

"Oho. Miƙo mini muciyar can."

Ana nan sai 'yar Balbela ta ƙyanƙyashe ɗan fari, aka sa ranar suna. Dangin uban jariri za su taho daga hayin kogi, kuma an san su da dogon baki wajen kushe abincin biki. A makon ne kuma 'yan unguwa suka haɗu suka yi watandar sa, kowa ya ɗauki kasonsa.

Bushiya ta miƙe a gaban mata ta ce, "Gwaggo, naman baƙi a kaina yake. Kasona gaba ɗaya na ba ki gudummawa. Zan kai wa Muzuru ya yi banda, a yi wa mutanen hayi farfesun da za su koma gida suna labari."

Mata suka yi guɗa. Magana ta riga ta fita, ba damar mayar da ita.

Ta ja namanta zuwa gidan Muzuru. Ta tarar Tunku ya kawo nasa, Gafiya ta kawo nata, nama tsibi guda. Muzuru bai ce wa kowa ya yi yawa ba. Ya yanke ladan kakansa daga kowane kaso, ya cinye nan take yana lumshe ido. Sauran ya yanka sala-sala, ya shafe da gishiri, ya kwashe zuwa ɗaki.

"Ku je ku kwantar da hankalinku," ya ce. "Sa guda ne fa. Me zai yi wa wanda ya gaji bandar giwa?"

To ita Balbela, tun da aka sa ranar suna ta ajiye bandar kifi. Ta ce ba za a shigo mata gida a ji ƙarni ba. Ta kankare murhun, ta wanke raga, ta zuba ɗan garwashi a ciki, ta riƙa barbaɗa turaren wuta na haɗin hannunta safe da yamma, don ƙamshi ya kama laka ya kori ƙarnin.

Washegari Bushiya na tsakar gidan tana taya daka, sai ga sallamar Muzuru. Bai taɓa shigowa gidan ba sai ran nan.

"Gwaggo, barka da arziki. Allah ya raya. Na ce, wannan makon ba za a yi bandar kifi ba ne?"

"Ba za a yi ba."

"Ko kaɗan? Baƙi fa na son kifi."

"Bushiya ta ɗauke mini nauyin nama."

"Haka ne, haka ne." Ya sosa ƙeya. "Ai murhu ba ya son a bar shi ya huce, sai ya tsage. In itace ne babu, ni sai in samo miki."

Bushiya ta tsayar da taɓarya. "Kai da ba ka taɓa itace? Ina ka san abin da murhu ke so?"

"Zumunci ne, sarkin tambaya! An hana maƙwabci zumunci?" Ya fice yana kaɗa wutsiya.

Yanzu kam hancin Bushiya har zafi yake. Da rana ta yi, ta bi shi gida ta ce a nuna mata namanta. Ya yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi tafiya. Daga ƙarshe ya shiga, ya ja ƙofa, ya fito da sala ɗaya.

Naman ya yi laushi tiɓis, ko alamar bushewa babu, gefensa ya fara canja launi. Amma ƙamshi! Sai ka ce an buɗe akwatin amarya.

"Wannan fa?" in ji Bushiya.

"Sabon salo ne. Bandar manya. Sai wanda na ga dama nake yi wa."

"Bai bushe ba."

"Daga ciki yake fara bushewa. Ke me kika sani?"

Bushiya ta sake duban naman. In naman nan ya ƙara kwana a haka, sai dai a kai wa ungulu, ita kuma ta shiga gidan suna hannu rabbana, bayan guɗar da aka yi mata. Amma ko a cikin wannan tashin hankali, hancinta bai bar aikinsa ba. Ta san ƙamshin nan. Tun safe take shaƙarsa. Har a ƙayoyin bayanta yake.

Ta koma gidan Balbela da gudu. "Gwaggo, janye garwashin nan, zan shiga murhu."

"Kin haukace?"

"In na fito kya faɗa."

Balbela ta janye garwashi. Bushiya ta dunƙule ta gangara ciki, ta bi bango tana shinshinawa. Can ƙurya, inda murhun ya haɗu da katanga, sai ta ji iska na busowa. Wata kafa ce. Da alama tsaga ce tun asali, amma an faɗaɗa ta, an gyara bakinta sumul, ga sawun farce nan a jikin laka. Ta leƙa. Ga ɗakin sirri, ba komai cikinsa sai igiyoyi, ga namanta na reto a kai.

Ta fito baƙi ƙirin da kunkunniya, ta zayyana wa Balbela.

Tsohuwa ta dubi murhun. Sannan ta ce, "Ashe ba murhuna ne ya tsufa ba."

"Mu je mu tara masa jama'a!"

"Mu tara jama'a naman ya ruɓe? Ɗauko kirya. Jiƙa ɓuntu."

Suka hura wuta irin ta gaske. Hayaƙi ya murtuke, zafi ya bi kafa ya wuce inda ya saba wucewa. Daga bayan katanga suka jiyo Muzuru ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, har da 'yar waƙa. Haka suka yi ta ciyar da murhu babu ko kifi ɗaya a kan raga, har nama ya kama.

Ranar suna da hantsi, 'yan unguwa suka taru a bayan gidan Muzuru karɓar nama. Baƙin hayi ma suka biyo, don sun ji labarin mai banda ba wuta. Muzuru ya ga taro, kansa ya kumbura.

"Ku matsa baya," ya ce. "Saura kalma ta ƙarshe, wadda kakana ya raɗa wa giwa. Duk wanda ya ji ta, kunnensa zai bushe." Ya shiga ya ja ƙofa.

Bushiya ta ɗaga murya ta yadda za a ji a ƙetaren katanga. "Gwaggo, ya shiga!"

A can, Balbela ta ɗebi busasshen barkono cike da ludayi ta watsa a garwashi.

Hayaƙi ya bi kafa. Sai aka ji atishawa. Aka ji ta biyu, wadda ta fi ta farko. Sai ƙofa ta yi sama, Muzuru ya faɗo waje yana birgima, idanu jajur, hawaye da majina sun haɗu a gashin bakin da yake murzawa.

"Lafiya, jikan mai giwa?" in ji Tunku.

"Sirrin ne... atishoo! Sirrin ne ya motsa. Haka yake yi in nama ya... atishoo! In nama ya kai."

"Sirrin barkono yake ci?" in ji Bushiya. "Tambaya ce kawai."

"Ke! Na ce miki babu wuta a gidan nan! Wanda ya ga wuta ya nuna!"

Jama'a suka leƙa ɗakin. Gaskiyarsa, babu wuta. Sai nama a rataye, da hayaƙi na bulbulowa daga gindin katanga. Suna cikin kallo hayaƙin ya lafa, don an janye garwashi a can. Sai ga wani dogon baki ya ɓullo ta kafar. Bayansa kai, bayan kai kuma wuya, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba.

Kan Gwaggo Balbela ya juya ya dubi nama, ya dubi taro, ya tsaya a kan Muzuru.

"Salamu alaikum, maƙwabci," ta ce. "Na zo gaida kakanka ne. Ashe a murhuna yake zaune, ni nake ciyar da shi itace ban sani ba."

Dariya ta ɓarke har baƙin hayi na riƙe ciki. Muzuru ya buɗe baki zai kawo wata ƙaryar, atishawa ta riga shi.

An ci farfesu a gidan suna, ya yi daɗi, sai dai ɗan ƙamshin turare bai gama fita ba. Wata tsohuwa daga hayi ta ce ita dai ba ta taɓa cin naman da ya yi kwalliya ba sai a Bakin Fadama, ta kuma nemi ƙari. Bushiya ta fita kunya. An toshe kafa da sabuwar laka, aka ɗora wa Muzuru ɗaukar itacen Gwaggo har damina ta wuce. Ku duba da kyau, har yau muzuru ba ya hura tasa wutar, a gefen murhun wasu yake kwanciya, yana ta goge fuska da hannu. Barkonon ne bai gama fita ba.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka ci moriyar wahalar wani ka ce gwanintarka ce. Wanda ya jingina sunansa da wutar maƙwabci ba shi da iko da abin da za a zuba a cikinta, yau kifi, gobe turare, jibi barkono. In ba ka iya abu ba, ka yi sallama ta ƙofa ka ce a koya maka, ya fi ka haƙa kafa ta baya. Kuma in kun ji ana cika baki, ku yi tambaya cikin ladabi kamar Bushiya, ku fara da neman inda ake zubar da toka.