Alƙalin Da Aka Katange

A zamanin da, tun ana gane girman mutum da yawan masu sallama a ƙofar gidansa, an yi wani Sarki mai son adalci, sai dai yana da saurin haɗiye shawara ba tare da ya tauna ba. Kuka ya yi masa yawa cewa alƙalan garinsa suna karkata shari'a wajen abokan cin tuwonsu. Ya tara fadawa ya ce a nemo masa magani.

Waziri Ɗantsoho, mutum mai zaƙin baki da ɗacin ciki, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta bakin akushi ɓarna ke shigowa. A gina wa alƙali gida mai doguwar katanga. Kada ya ci da kowa, kada ya je suna ko biki ko ta'aziyya, kada kowa ya shiga wurinsa. Abinci a miƙa masa ta taga, masu ƙara kuwa ya saurare su ta bayan labule. Wanda ya karya wannan doka, alƙalin ne ko mai ziyararsa, a tuɓe masa rawani a kore shi daga ƙasar."

Sarki ya ce haka za a yi. Fadawa suka ɗauki kirari, kai ka ce an gano maganin mutuwa. Duk cikinsu ba a sami wanda ya tambayi kansa ko zai iya wuni guda a haka ba, ga su nan ko goro ba sa iya ci sai da abokin hira.

Wanda ƙaddara ta faɗa wa shi ne Malam Zubairu, dattijo mai gaskiya, wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata kuma duk suna gidan aure. Abin da ya rage masa a duniya shi ne zaman la'asar a gindin durumi tare da amininsa na ƙuruciya, Ɗan'asabe marini. Aka naɗa shi, aka kai shi gidan, aka ja ƙofa. Daga shi sai littattafansa, sai wani ɗan rago da ya roƙa aka bar masa.

Shari'a ta yi ta zuwa ba hutu, kowa da irin tasa masifar, shi kuwa ba wanda zai juya ya ce wa yau na gaji. Barci ya ƙaurace masa, kai ya riƙa sara, tuwo ya daina wucewa. Mutumin da aka sani da fara'a ya koma yi wa masu ƙara tsawa. Har ta kai in ya fito daga zaure sai ya zauna ya zayyana wa rago yadda aka yi, rago na tuƙa yana kallonsa. Wannan ba gata ba ne, zalunci ne aka naɗa masa rawani.

Ana nan sai Waziri ya fara shigowa ta wata 'yar ƙofar baya da shi kaɗai ke da mabuɗinta. Yakan zo da fara'a, ya ce, "Allah gafarta Malam, tausayinka ne ya hana ni zama." Ya zaro gyaɗa daga aljihu ya ba rago, su yi ta hira. Malam Zubairu ya san an karya doka, amma daɗin jin muryar ɗan Adam ya rufe masa baki. A cikin hirar Waziri kan saka labarin masu ƙarar gobe, wane mutumin kirki ne, wance maƙaryaciya ce. Ta haka wata bazawara mai suna Tabawa ta rasa fadamar da mijinta ya bar mata, aka miƙa wa surukin Waziri, wanda ya ce mijin ya sayar masa.

Rannan tsohuwar da ke miƙo abinci ta taga, wadda aka hana ta ko sannu, ta kasa daurewa ta ce, "Malam, Ɗan'asabe na kwance rai a hannun Allah, sunanka kawai yake kira."

Da Waziri ya zo, Malam Zubairu ya roƙe shi ya nemo masa izini wurin Sarki. Waziri ya yi murmushi ya ce, "Doka ai doka ce, Malam. Ni ban ishe ka aboki ba?"

Malam Zubairu ya kwana da maganar a ransa. Da hantsi ya gyara rawaninsa, ya ɗage labule, ya ratsa masu ƙara da dogarai ya fita kan titi, kowa ya saki baki. Ya san abin da zai biyo baya, ya kuma tafi.

Ya tarar da Ɗan'asabe a kan tabarma, ya zama ƙashi da rai, hannuwan nan har yanzu shuɗi da baba. Marini ya dube shi ya ce, "Zubairu, ni ke ciwo, kai ke ramewa?" Suka yi dariya har da hawaye, suka sha kunu da ludayi ɗaya. Sa'an nan Ɗan'asabe ya kama hannunsa ya ce, "Ba na so in tafi da magana a cikina. Ka zalunci Tabawa. Duk garin nan har masu tallan ƙosai sun san mijinta bai sayar da fadamar nan ba. Da ka zauna gindin durumi sau ɗaya, da ka ji."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Malam Zubairu. Bai gama share ido ba dogarai suka iso, suka tasa shi zuwa fada.

Waziri ne ya fara magana, yana ta kumfar baki a kan alfarmar doka. Sarki ya ce, "Malam, me za ka ce kafin a tuɓe ka?"

Malam Zubairu ya ce, "Ranka ya daɗe, na karya doka, ban musa ba. Amma ina da tambaya. Wane alƙali ne ya fi arhar saye, wanda ke da abokai da yawa, ko wanda ba shi da kowa?"

Sarki ya ce, "Mai abokai mana."

"A'a, ranka ya daɗe. Mai abokai in ɗaya ya yi masa ƙarya, wani zai gyara masa. Ni da aka raba ni da mutane, da sannu kaɗai aka saye ni. Ban karɓi ko ƙwayar dawa ba, amma na ci hancin hira, kuma Waziri ne ya ba ni." Ya kwashe labarin ƙofar baya da na fadamar Tabawa ya faɗa.

Waziri ya zabura ya ce, "Kaɗaici ya taɓa masa hankali! Ƙafata ba ta taɓa taka gidan nan ba. Ina shaidarsa?"

Malam Zubairu ya ce, "A kawo ragona. Tun yana ƙarami yake bayan katangar nan, bai san kowa a fadar nan ba sai wanda ya saba shiga."

Aka kawo rago aka sake shi a tsakiyar fada. Ya yi tsuru-tsuru, ya kauce wa Galadima, ya guje wa hannun Sarkin Dogarai, har ubangidansa ya wuce. Ya nufi Waziri kai tsaye, ya cusa baki a aljihunsa yana neman gyaɗar da ya saba. Waziri na ture shi, shi yana ƙara turo kai. Nan take idon Waziri ya raina fata.

Ran Sarki ya ɓaci matuƙa, rabi a kan Waziri, rabi a kan kansa. Ya ce, "Ashe katangar da na gina ba ta hana ɓarawo ba, masu ihu ta hana. A kai Ɗantsoho gidan, ya ɗanɗani dokarsa har ƙarshen ransa."

Malam Zubairu ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ko maƙiyina ba na yi masa fatan gidan nan. A sa shi ya rushe katangar da hannunsa, sa'an nan a yi masa abin da doka ta ce."

Haka aka yi. Sarki ya soke dokar, ya ce daga yau alƙali ya ci tuwonsa a ƙofar gida, da duk wanda ya zo, a idon kowa. Ya bar wa Malam Zubairu rawaninsa, da sharaɗin ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Tabawa, ya mayar mata da fadamarta, ya nemi gafararta. Ya je, ta zazzaga masa abin da ke ranta, ya tsaya ya shanye, domin ya san ya ci a faɗa masa.

Yana fitowa daga gidanta aka tare shi da rasuwar Ɗan'asabe. Ya bi jama'a zuwa jana'iza, ya kutsa cikin masu rububin ɗaukar makara. Wani mahauci da bai gane shi ba ya take masa ƙafa, ya bangaje shi da kafaɗa ya ce, "Haba baba, matsa mana, ka tare wa mutane hanya!"

Malam Zubairu ya matsa, hawaye na zubo masa, na rashin amini da na wani abu dabam. Rabon da kafaɗar mutum ta taɓa tasa tun ranar da aka naɗa shi. Ya sa hannu ya kama makara tare da sauran mutane, suka nufi maƙabarta.