Makullin Motar Malam Tukur

Lokacin muna yara, Kawu Isyaku yakan zaunar da mu gindin darbejiyar gidanmu bayan la'asar, ya ce, "Ku matso, ga wata nan tafe." Wannan ita ce har yau ba mu gama musu a kanta ba.

Malam Tukur tsohon direba ne. Yana da wata tsohuwar mota ruwan ƙasa, wadda duk Sallah yakan loda 'ya'yansa uku a ciki zuwa ƙauyensu, har ranar da ya yi faɗa da yayarsa Dije ya daina zuwa. Shekara bakwai ba su gaisa ba. Da idonsa ya raunana, motar ta koma wurin kwanan kaji. Ran nan da yamma aka aiko cewa Dije na kan gargara, tana kiran sunansa. Aka murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu.

Ɗanlami, babban ɗan, ya fita titi ya tsaya a gaban wata tifa har ta taka birki. Ya roƙi direban, suka jawo wayoyi daga batirin tifar. Cikin gaggawa ya ɗora jar waya a inda baƙa take zama, wuta ta yi tartsatsi. Ya gyara, ya sake jonawa, mota ta tashi. Shi ya ja ta, da babansu da ƙannensa biyu a ciki.

Suna barin kwalta magariba ta yi. Ɗanlami ya kunna fitilun gaba, suka ƙifta sau biyu suka mutu, ƙaurin waya ya cika motar, inji ya ɗauke. Ƙanensa Shu'aibu, mai gyaran rediyo, ya ce, "Yaya, ja da baƙi ma sai an kai ka makaranta?" Ya buɗe bonet, ya lalubo fis ɗin da ya ƙone, ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli da ya tsinta a hanya. Ya yanke wayar da ta narke ya ɗaure da haƙori. Inji ya dawo, amma fitilu sun tafi ke nan.

Saura rafi da duwatsunsa, ga duhu. Kuluwa, autarsu, ita ce mai zama a gaba tun tana ƙarama, ta san inda babansu ke karkata sitiyari. Ta cire takalmi, ta yafa farin mayafinta, ta ce, "Ka bi farin nan, Yaya. In ka take ni kuma, Baba na gani." Haka ta yi ta tafiya a gaban motar, ƙaya na sukarta, ruwa har gwiwa, har ƙofar gidan Dije.

Suka tarar da Dije da sauran numfashi. Ta ce, "Tukur, har yanzu wannan gwangwanin kake hawa? Tun daga rafi nake jin tarinta." Ya riƙe hannunta, suka yafi juna. Ba ta kai gobe ba.

Bayan sadakar bakwai Malam Tukur ya fito da makullin, ya ce zai ba wanda ya kai shi ga 'yar'uwarsa. Ɗanlami ne ya tayar da motar, shi ne kuma ya ƙona ta. Shu'aibu ya farfaɗo da ita, amma ba ido. Kuluwa ba ta taɓa ko waya ɗaya ba.

To, a hannun wa za a sa makullin nan?