Wutar da Ta Ceci Shinkafar Gangare

Ku matso ku ji, don a ƙarshe ku ne alƙalai.

Garuruwa uku ne waya guda ta haɗa kasuwannin lantarkinsu. Kogin Dawa na da madatsar ruwa, Tudun Baure na da faifan hasken rana shimfiɗe iya ganinka, Gangare kuma saye take ta ƙara a kan ɗan injinta. Al'adarsu, kowace safiya kowa ya faɗi farashinsa a ɓoye, sai a buɗe tare.

Ana tsakiyar bazara, shinkafar rani ta yi ciki, injin Gangare ya mutu. Famfunan ban-ruwa suka yi tsit. Sarkin Noma Ɗantani ya tsaya bakin fadama yana kallon ganye na naɗewa, hankalinsa a tashe, don abincin gari ke nan. Masu wuta kuwa kowa ya noƙe, yana tsoron in ya sayar da arha, maƙwabci zai jira tasa ta ƙare ya tsuga kuɗi. Wayon banza, kowa na gadin kowa, gona na ƙonewa!

Sai Baraka, dillaliyar Kogin Dawa, ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Ta shiga rediyo ta faɗi farashinta mai rahusa kowa na ji, ta ɗaure kanta yadda ba damar janyewa. Amma ruwanta ba zai kai yamma ba in ita kaɗai ce.

Lawandi, dillalin Tudun Baure, ya ga garaɓasa a fili, wato ya jira ruwanta ya ƙare ya tsuga kuɗi, iyayen gidansa har suna lasar baki. Ya ce musu, “Ranku ya daɗe, kasuwar nan ba yau kaɗai take ci ba. In damina ta rufe mana rana, wa za mu roƙa?” Ya sha zagi, amma ya shawo kansu. Ya ɗauki nauyin ba da wuta da rana, ya bar wa Baraka yamma.

Saura hanya. Wayar ba ta iya ɗaukar nauyin gari da na famfuna tare, ƙonewa za ta yi. Gambo mai kula da ita ya yanke wutar unguwannin Gangare bi da bi, ya fara da tasu, inda tsohuwarsa ke kwance cikin zafi. Da aka ga haka, sauran unguwanni suka haƙura.

Ɗantani na tsaye famfuna suka yi gurnani. Ruwan kogin da bai taɓa gani ba da hasken wani tudu mai nisa suka bi ta siririyar waya, suka zama ruwa a ƙafafunsa. Ya ce, “Ikon Allah!”

Da aka yi girbi, ya ware damin farko, wanda a Gangare ba a raba shi, mutum ɗaya ake kai wa, wanda ya fi kowa taimakon gona. Ya ɗora a ka, ya fito, ya tsaya a mararraba.

To, ku faɗa masa, ƙofar wa zai sauke shi?