Tafintan da Ya Mai da "Wasunsu" "Dukkansu"

Akwai wani mutumin Gwandu mai suna Namadi, a shekarun da Turawa ba su daɗe da kama ƙasar nan ba. Yana saurayi ya bi fatake har Lokoja, ya zauna gidan wani Bature ɗan kasuwa yana yi masa aike. A can ya tsinci Turanci da kunne, bai taɓa zama gaban malami ba. Da ya dawo gida aka ɗauke shi tafinta, yana bin Baturen mulki rangadi.

Tun daga nan Namadi ya daina ganin mutane da gashi. Idan dattijo ya yi dogon bayani, sai ya dunƙule shi cikin kalma kaɗan, ya ce Bature ba ya son surutu.

Akwai wani guntun Turanci da yake ji da shi, "all of whom", wato "waɗanda dukkansu". Gani yake yana ƙara wa magana nauyi. Ya san akwai "some of whom", wato "waɗanda wasunsu", amma bai ɗauki bambancin a bakin komai ba. Wanda ya fi daɗi a baki shi yake jefawa.

Wata damina gulbi ya cika maƙil. Aka turo kayan Bature gaba, za a ƙetare da su a Tungar Albarka, wani ƙauyen masunta kusa da Kalgo. A nan aka haifi Tasalla, mahaifiyar Namadi, kuma wanta Bawa yana can da jirginsa.

Wasu masunta suka ji tsoron aikin tilas, suka ɓoye jiragensu cikin ciyawar fadama. Sauran, har da tsoho Bawa, suka wuni suna ƙetarar da kaya. Jirage sun yi kaɗan, ruwan sama ya sauko, kayan da suka rage a gaɓa suka jiƙe sharkaf.

Kashegari Bature ya iso ransa a ɓace. Aka tara maza ƙarƙashin tsamiya. Hamidu, sarkin ruwan tungar, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ga masuntanmu, waɗanda wasunsu suka ɓoye jiragensu don tsoro. Amma mafi yawa sun yi aiki har hannunsu ya sale."

Namadi ya gyara rawani ya juya maganar. Guntun nan da yake so ya riga shi fita. Ƙarshen zancen kuwa ya yar da shi, don ya ga ya yi tsawo.

Fuskar Bature ta yi ja. Ya yanke hukunci nan take, Namadi ya mayar da Hausa: "Tunda dukkanku kun ɓoye jirage, za a kwashe su duka. Maza kuma za su tafi aikin hanya har kaka."

Hamidu ya ɗago kai. "Dukkanmu? Malam Namadi, mi kac ce mai? Ni wasu nac ce."

A lokacin Namadi ya gane abin da ya yi. Gyaran ba shi da wuya, kalma ɗaya ce. Amma sai ya dubi Bature, ya dubi dogarai, ya dubi matan da suke leƙe ta bayan zana. Yaya zai buɗe baki a gabansu ya ce Turancinsa ya karkace?

Bature ya tambaye shi abin da Hamidu yake cewa.

"Afuwa yake roƙo," in ji Namadi.

Bature ya girgiza kai, ya hau dokinsa.

Bawa ya matso, ya buɗe tafukansa da suka ɗuri ruwa. "Namadi, dubi hannuna. Wanga hannun mai ɓoye jirgi ne? Faɗa mai gaskiya, ɗan ƙanwata."

"Kawu, an riga an yanke. Ba a mayar da maganar Bature baya."

Aka ja jiragen aka jibge su a tudu, rana na dukansu. Aka kora maza aikin hanya. Lokacin su, wato kamun kifi, ya zo ya wuce, babu wanda ya jefa koma a gulbi. Matan tungar da suka saba yin bandar kifi suka koma tafasa ganye. Bawa kuwa dutse ya faɗo masa a ƙafa wurin aikin, aka dawo da shi a kan jaki.

Labari ya isa Gwandu. Ranar da Namadi ya shiga gaida mahaifiyarsa da turmin atamfa a hannu, bai samu tabarma ba.

"Tsaya nan bakin ƙofa," in ji Tasalla. "Hamidu ya aiko mini da duk abin da ya faru. An ce ka ji ya gyara maka, ka yi shiru."

"Inna, ba ki san yadda aikin nan yake ba. Turanci yana da wuya."

"Ban tambaye ka Turanci ba. Ka san ka yi kuskure ko ba ka sani ba?"

Namadi ya sunkuyar da kai.

"Ka sani ke nan. Bawa ya goya ka a bayansa ya ƙetare gulbi da kai kana jinjiri. Yau yana kwance ƙafa na ruɓewa don kada a ce ɗana bai iya yaren Nasara ba. Ɗauki zanenka. Ba ni ɗaura shi."

Ya fita yana huci. Har a lokacin haushin Hamidu yake ji, wai ya tona masa asiri. Sau da yawa ya yi niyyar gaya wa Bature gaskiya, amma da ya tsaya gabansa sai ya ga ba yau ba.

Bayan kaka aka sauya Baturen. Sabon ya daɗe a ƙasar Hausa, yana jin harshen sarai. Da ya zo Kalgo, Hamidu ya tare shi, bai ko dubi tafinta ba, ya zayyana masa komai tun daga farko.

Bature ya juya ga Namadi, ya yi masa magana da Hausa don kowa ya ji. "Faɗa mini da Turanci abin da ka gaya wa wancan Baturen."

Namadi ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yanzu faɗa wa mutanen nan ma'anarsa."

Namadi ya juya ga jama'a. "Waɗanda dukkansu suka ɓoye jiragensu," ya ce.

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabansa. Nan take aka sallame shi daga aiki, aka ce a mayar wa masunta jiragensu. Sai dai da aka je ɗaukowa, rana ta tsaga wasu, gara ta cinye wasu. Na Bawa da aka ɗaga shi, gindinsa ya zube.

Da la'asar Namadi ya taka har ƙofar gidan kawunsa, babu doki, babu rawani. Ya yi sallama. Halima, 'yar Bawa, ta fito da ƙwaryar ruwan magani a hannu.

"Halima, na zo in roƙi Kawu gafara."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ranar da yake buƙatar kalma ɗaya daga bakinka ka hana shi. Yau da ƙafar ta tafi ka zo da kalmomi?"

"Ki dai faɗa mai ina nan."

"Ya ji sallamarka. Ya juya fuska ga bango."

Ta watsa ruwan a gefen ƙafarsa, ta shige, ta saki asabari. Namadi ya daɗe tsaye a wurin. Masu wucewa zuwa masallaci suna ratse shi, babu wanda ya ce masa sannu.

Darasi: Kalma ɗaya tana iya raba mai laifi da marar laifi. Idan za ka ɗauki maganar wani ka kai gaba, da Hausa ko da Turanci, kada ka mai da "wasu" su zama "duka". Kuskure kowa na yi, amma wanda ya gane kuskurensa ya yi shiru don kare girmansa, ya zama azzalumi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu koyon Turanci da masu kai saƙon mutane.