Barkonon Marigayiya

Akwai wani manomin lambu da ake wa laƙabi da Baba Ƙara-Kaɗan. Mutumin kirki ne, sai dai shi da awo ba sa ga maciji. In an ce cokali ɗaya, biyu zai zuba, taki ne ko sukarin shayi, yana cewa, "To me zai yi? Ƙara kaɗan!"

Matarsa ta rasu ta bar masa irin barkono da ta yi shekaru tana zaɓa da hannunta, ja ne jawur mai ƙamshi, babu irinsa a kasuwa. Da lokacin reno ya zo, ya shuke shi kaf bai rage ko ƙwaya ba. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai ga baƙin tabo ya fara cin ganyen.

'Yarsa ta fari tana aiki a wata cibiyar binciken tsirrai. Ta kawo masa farin gari a 'yar kwalba.

"Baba, sinadarin zinki ne, an mai da ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, ko ƙura ta fi su girma. Shi ya sa kaɗan ke kashe cutar. Bakin cokali kawai za ku sa a tankin feshi. Kuma har yanzu gwada shi muke yi. Don Allah ku fara da fangali ɗaya, sai na dawo mu gani."

Ya ɗaga kwalbar ya kanne ido. "Wannan? Ai ko kwalli bai isa ba, uwata."

Tana tafiya ya leƙa wurin maƙwabcin lambunsa, ya maƙe murya yana gyara tabarau na ƙarya. "'Baaba, bakin cokali kawai!' Ka ji likitar ganye. Yarinyar da nake ɗaukowa a wuya zuwa lambun nan!"

Maƙwabcin ya yi dariya har da tari. "Ka dai bi a hankali, mutumina."

Washegari ya ga tabon ya hau sababbin ganye. Ya ji kamar matar ce ke kwance kuma. Ya ce wa kansa ba zai zauna jiran kowa ba. Ya zazzage kwalbar duka a tanki, ya bi kowane fangali da tsakar rana, ya feshe, ya sake dawowa ya feshe.

Kafin 'yar ta dawo ganyen ya nannaɗe, ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ta same shi tsaye yana ta kwarara wa matattun tsirrai ruwa, wandonsa duk taɓo. Ta durƙusa ta tsigo ɗaya, ya marmashe a yatsunta.

"Uwata," ya ce, "a wurin aikinku babu abin da zai tashe su?"

Ta girgiza kai. "Fangali ɗaya na ce, Baba. Da yanzu muna da sauran na Mama."

Ya juya da bokiti zai ƙaro ruwa. Ta riƙe bokitin, hawaye na zuba.

"Baba, ya isa haka."

Darasi: magani yana aiki ne da awonsa, kuma ƙanƙantar abu ba ta rage masa ƙarfi. Idan mai sani ya ce ka gwada kaɗan ka jira, to ka jira, ko da ɗan cikinka ne ya faɗa. Gaggawa takan sa mutum ya halaka abin da ya fi ƙauna da hannunsa, alhali ceto ya yi niyya.