Malam Dayyabu da Na'urar da Ba Ta Tashi Ba

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don in na kama, yanzu wani a cikinku zai ce ƙanin babansa nake zagi. Sunan wannan bawan Allah Dayyabu. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. Ma'aikaci ne a asibitin garin, shekara goma sha huɗu yana zaune a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin gwajin jini, yana kula da babbar na'urar da suke kira saba. A cikinta manhajar asibitin take: sunan mara lafiya, sakamakon gwajinsa, irin jininsa, maganin da likita ya rubuta masa. In ta tsaya, asibiti ya makance.

To, kun san halin wutarmu, ba sai na gaya muku ba. A ɗauke sau biyar a yini, baturan da aka sayo don riƙe na'urar kuwa sun mutu tun tuni. Duk sanda aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai saba ta sake tashi daga farko. Akwai wani ɗan rubutaccen umarni a cikinta, bai fi layi ashirin ba, aikinsa shi ne ya tayar da manhajar, sannan ya sanar da kowa. In ta tashi, alama ta fito kore a kwamfutocin nas-nas, su ci gaba da aiki. In ba ta tashi ba, alama ta fito ja, su ɗauko katin takarda, su riƙa zuwa ɗakin gwaji da ƙafa.

Ku saurara da kyau, nan maganar take. Ɗan kwangilar da ya rubuta umarnin nan, Allah ya shirye shi, ga abin da ya yi: umarnin ya ce wa manhaja tashi, ya ƙirga daƙiƙa goma, ya kunna kore. Shi ke nan. Ba ya dubawa. Ta tashi, kore. Ta sarƙe a hanya, kore. Ta mutu murus, kore.

Dayyabu bai gano haka ba sai wata Talata da ya ga layi ya miƙe har bakin ƙofa tun hantsi har azahar, nas-nas suna ta danna kwamfuta suna cewa yanzu sakamako zai zo, ai ga kore nan. Ya koma ɗakinsa ya buɗe umarnin ya karanta. Sai kunya ta kama shi, don ya daɗe yana zaune kusa da ƙarya bai sani ba.

Ya zauna ya gyara. Manhajar tana da kundin da take rubuta duk abin da ke faruwa da ita, kuma in ta gama tashi takan rubuta layi guda cewa ta shirya. Sai ya sa umarnin ya jira layin nan. Da farko ma ya yi kuskure, umarnin ya tsinci layin jiya a kundin ya ɗauka na yau ne. Ya sake gyarawa, ya ce a karanta daga inda aka tayar kawai. Bai tsaya nan ba, ya sa umarnin ya aika mata 'yar tambaya, sai ta amsa tukuna a kunna kore. In minti uku suka wuce shiru, a kunna ja.

A watan farko ja ya fito sau goma sha tara. Kowane karo nas-nas suka ɗauko kati, layi ya tafi, marasa lafiya suka ga likita. Amma rahoton kowane ja yana zuwa hedikwata. Sai shugaban asibitin, Dakta Hambali, ya aika a kira Dayyabu.

Ya ce, "Malam Dayyabu, shekara uku ba mu taɓa samun ja ba. Ka sa hannu, mun samu goma sha tara. Me ka lalata?"

Dayyabu ya ce, "Ranka ya daɗe, ban lalata komai ba. Da ma tana faɗuwa. Yanzu ne take faɗin gaskiya."

"Hedikwata ba su tambaye ni gaskiya ba, sun tambaye ni ja. Ka mayar da shi yadda yake kafin Juma'a."

"Ranka ya daɗe, a sayo batir, ja zai ragu da kansa."

"Ban kira ka shawara ba. Juma'a na ce, ko ka nemi wani aikin."

Kada ku ɗauka bai ji tsoro ba. Wallahi ya ji. Mutum ne mai 'ya'ya shida, ba gona, ba shago. Matarsa Suwaiba ta zaunar da shi ta ce, "Malam, layi nawa ne za ka goge?" Ya ce huɗu. Ta ce, "Saboda layi huɗu za mu rasa abinci?" Ya ce, "Suwaiba, in na goge, duk wanda ya zauna yana jira a kan koren nan, ni na zaunar da shi." Ta yi kuka, don ta san ba zai sauya ba.

Juma'a ta zo bai goge ba. Litinin aka ba shi takardar kora, wai ya taɓa kayan gwamnati ba da izini ba. Abokan aikinsa na shekara goma sha huɗu, ko mutum ɗaya bai buɗe baki ba. Aka dawo da tsohon umarni, aka samu kore wata bayan wata, har aka yaba wa asibitin. Shi kuwa ya kafa ɗan tebur a bakin tasha yana cajin waya.

Bayan shekara guda Suwaiba ta kwanta, jini ya yi mata ƙaranci. Ina zai kai ta? Asibiti ɗaya ne a garin. An ɗibi jininta an kai gwaji ke nan, sai aka ɗauke wuta. Janareta ya tashi. Dayyabu yana tsaye gaban teburin nas, ya ƙirga a zuciyarsa har goma, kore ya fito. Ya ce wa nas ɗin, wata sabuwa da ba ta san shi ba, "'Yata, don Allah ɗauko kati ki je da ƙafa. Ba ta tashi ba."

Ta ce, "Baba, ga kore nan. Ka zauna, yanzu zai zo."

Ya roƙa. Ya sake roƙo. Ya nufi tsohon ɗakinsa, mai gadi ya tare shi ya ce ba a shiga. Awa uku ya yi a kan benci, ya san abin da ya lalace, ya san yadda ake gyara shi cikin minti biyar, ba shi da ikon taɓawa. Suwaiba ba ta koma gida ba. Ban ce na'ura ce ta kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma awa ukun nan, akwai wanda zai amsa tambaya a kansu.

Na ga kuna kallona, kuna jira in ce an kira shi an ba shi haƙuri. Ba a kira shi ba. A bakin tasha ya tsufa, a can ya rasu, kuma ni ban ji wanda ya je ya ce masa ka yi daidai ba. Sakamakonsa yana wurin Allah, don a wurinmu bai samu komai ba.

Ga darasin, ba zan ɓoye shi ba: ba da umarni daban, tabbatarwa daban, kuma duk wanda ya ce an yi alhali bai duba ba, shaidar zur ya bayar. Kai da ke ce wa ɗanka tashi ka yi salla, ka wuce ba ka waiwaya ba, in an tambaye ka ka ce ya tashi. Kai da ke sa hannu a kan aikin da idonka bai gani ba. Kai da aka ce ka dubo maƙwabcinka mara lafiya, ka tsaya a zaure ka dawo ka ce da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai, in mai dubawa ya fito a cikinmu, mu ne na farkon cewa ya cika fitina. Ku je gida yau, abu guda da kuka ce an yi, ku koma ku duba. Wani yana can zaune a kan benci saboda ya yarda da maganarku.